Waiwaye: Mai Takobin da Ya Koma Zana Filayen Wasa

Duk wanda ya taɓa shiga filin wasa a cikinmu yana da abin da ya riƙe a ransa har yau. Wani ƙwallon da aka zura ana dab da tashi yake tunawa, wani ɗan damben da ya ka da abokin karawarsa tun kafin 'yan kallo su gama zama, wani kuwa ihun jama'a ne kawai ya zauna masa a kunne. Muna riƙe da sunan wanda ya ci, muna riƙe da sunan alƙalin da muke ganin ya zalunce mu, har mai gyaɗar bakin ƙofa ba mu manta da ita ba. Amma a tara mu a ce wa ya zauna ya zana filin, ya auna matakalar da muka taka, ya yanke inda ƙofa za ta kasance da faɗinta, sai ka ga kowa yana duban na kusa da shi. An ce waiwaye adon tafiya. Yau ƙasar Polan za mu waiwaya, wurin wani mutum da ya fara shiga fili da ƙafarsa yana neman lambar yabo, daga baya ya koma yana zana wa 'yan baya inda za su nemi tasu. Sunansa Wojciech Zabłocki.

Dattawanmu da suka isa zama gaban rediyo a 1960 za su tuna wasannin Olamfik na birnin Rum, waɗanda aka rufe 'yan makonni kafin Nijeriya ta karɓi mulkin kai. A can ne Abebe Bikila na Habasha ya yi gudun yada ƙanin wani ba takalmi ya ɗauki zinariya, a can ne kuma Clement Quartey na Gana ya samo azurfa a dambe. Bayan shekara huɗu, a Tokyo, Nojim Maiyegun ya kawo wa Nijeriya lambarta ta farko, ta tagulla, shi ma da dambe. Waɗannan labaran ne suka iso mana, kuma su ya kamata su iso. Wanda bai iso ba shi ne cewa a wasannin nan biyu akwai wani ɗan Polan cikin fararen kaya, da ragar ƙarfe a fuska, wanda ya hau dandamalin karɓar lamba tare da abokansa, alhali teburin zanensa na jiransa a gida.

An haife shi a Warsaw ranar 6 ga Disamba, 1930. Bai cika shekara tara ba Jamus ta afka wa ƙasarsa, kuma kafin yaƙin ya ƙare a 1945 birnin haihuwarsa ya zama kufai. Kusan kashi 85 cikin ɗari na gine-ginen Warsaw sun rushe, da yawa daga ciki da gangan aka rushe su, unguwa bayan unguwa, don hukunta mutanen birnin kan boren da suka yi a 1944. Yaron da ya girma a irin wannan ƙasa ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin magini ba. A Katowice, garin masu haƙar kwal da ke kudu, ya fara riƙe takobin wasa. Daga nan ya wuce Kraków karatun zanen gine-gine, ya kammala a 1954.

Takobi ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar mutanen Polan. Shekara 123, daga 1795 zuwa 1918, babu ƙasarsu a taswirar duniya, Rasha da Prusiya da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu. A duk tsawon lokacin, lanƙwasasshen takobin mahayan dawakinsu na dā yana cikin abubuwan da suke tuna kansu da su, har a taken ƙasarsu an ambace shi. Mu da muka saba ganin barade suna ɗaga takubba gaban sarki ranar hawan salla, ba za mu rasa gane wannan ba.

Sai dai a fagen wasa, wannan takobi yana da masu shi, kuma 'yan Hungari ne. Daga 1928 zuwa 1960 babu ƙasar da ta iya ƙwace musu zinariyar ƙungiya a Olamfik. Gwarzonsu Aladár Gerevich ya karɓe ta sau shida a jere, ta ƙarshe yana ɗan shekara 50. Ikon Allah, daga Hungarin ne kuma malamin yaran Polan ya fito. János Kevey, tsohon hafsan soja, ya zo Polan bayan yaƙi, ya tara samari, ya ɗora koyarwarsa a kan sauri da aikin ƙafa, musamman farmakin nan da ake kaiwa da gudu, mutum ya jefa jikinsa gaba gaba ɗaya kafin abokin karawa ya farga. Ba a jima ba aka fara kiransu yaran al'ajabi na Kevey. Zabłocki na cikinsu, da Jerzy Pawłowski.

Bari mu ɗan tsaya a kan wasan kansa, domin ba wanda muka saba da shi ba ne, kuma abin da zai biyo baya ya rataya a kansa. Mutum biyu ne ke fuskantar juna a kan wata siririyar hanya, a yau tsawonta mita 14. Takobin bai kai rabin kilo ba, ba shi da kaifi. Ana cin maki da sara ko da suka, a ko'ina daga ƙugu zuwa sama, har da kai da hannuwa. Sarar tana da saurin da idon baƙo ba ya bi. Kafin ka ce me ya faru an gama. A yau waya da fitila ke nuna wanda ya taɓa wani, amma irin wannan takobi bai sami na'urar lantarki ba sai wajen 1988. A zamanin su Zabłocki mutum biyar ne ke hukunci da tsabar ido: shugaba ɗaya a tsakiya, alƙalai huɗu a gefe. To, ku duba abin da wannan ke nufi. In hasken zaure ya faɗo ta inda bai dace ba, in taga ta haske wa alƙali ido, in daɓen ƙasa ya yi santsi a daidai lokacin da mutum ya jefa jikinsa, wahalar shekara huɗu ta tafi a banza. Ɗan wasan takobi yana sanin zaure da tafin ƙafarsa da ƙwayar idonsa tun kafin ya san sunan garin.

Zabłocki ya fara zuwa Olamfik a Helsinki a 1952, yana ɗalibi. A 1953 ya zama zakaran matasa na duniya a Paris. A ƙarshen 1956 suka tafi Melbourne, 'yan makonni bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun murƙushe boren Budapest, kowa a zauren ya san nauyin da ke kan 'yan Hungari. Su suka ɗauki zinariya, Polan ta zo ta biyu, Sobiyet ta uku. Babbar ranar kuwa sai 1959, a gasar duniya da aka yi a Budapest ɗin kanta. A gaban jama'arsu, a garin da ake ganin nan ne gidan wannan takobi, yaran da ɗan ƙasarsu ya koya wa sara suka raba 'yan Hungari da kambun. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A Rum, a 1960, Hungari ta rama, Polan ta sake komawa da azurfa. Amma daga nan sai Polan ta riƙe kambun duniya shekara uku a jere: Turin a 1961, Buenos Aires a 1962, Gdańsk a 1963. A Tokyo suka ƙare da tagulla, bayan Sobiyet da Italiya. Zuwa Olamfik huɗu, lambobi uku, kambun duniya na ƙungiya huɗu: da a nan ya tsaya ma, da ya ishe shi abin faɗa wa jikoki.

Mukan ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma ina ganin mun yi wa wannan karin magana lodin da ya fi ƙarfinsa, musamman a kan yaranmu. Yaro ya nuna ƙafar ƙwallo, sai gida ya rabu biyu. Uba ya ce ko boko ko ƙwallo, a zaɓi ɗaya. Abokai su ce ya yar da littafi, ga Turai can tana jira. Kowane ɓangare ya yarda cewa dole ɗaya ya mutu kafin ɗayan ya rayu. Alhali ƙafa tana da wa'adi. Da wuya ɗan wasa ya wuce shekara talatin da 'yan kai yana kan ganiyarsa, sauran rayuwar kuwa doguwa ce, kuma duk mun san tsofaffin 'yan wasan da muka yi wa tafi jiya, yau muna kawar da kai in mun hange su a tasha. A ƙasashen gurguzu na wancan lokaci, manyan 'yan wasa da yawa a takarda ne kawai suke sojoji ko ma'aikatan masana'anta, aikinsu na gaskiya shi ne atisaye. Zabłocki bai ɗauki takardar shaidarsa ta zama ado ba. Ya yi aikin da ita, kuma shaidar tana tsaye da kankare a garuruwa da dama. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, sana'o'in nan biyu ba su yi kishi da juna a hannunsa ba. Ta farkon ce ta ciyar da ta biyun.

Abokinsa Pawłowski ya fi shi suna a fage. Shi ya ɗauki zinariyar mutum ɗaya a Meziko a 1968, kuma akwai lokacin da babu ɗan wasan da Polan ke alfahari da shi kamarsa. A 1975 aka kama shi, a 1976 kotun soja ta yanke masa shekara 25 kan yi wa Amurka leƙen asiri, ya yi goma aka sake shi a 1985. Hukuma ta yi ƙoƙarin share sunansa daga bakin jama'a. Ba mu kawo wannan don mu auna mutum biyu a sikeli ba. Zamani ne mai wuya, kuma wanda ke da fasfon fita waje a irin wannan mulki yana tafe ne idanu da yawa na bin sa. Mun kawo shi ne don a ga irin ƙasar da Zabłocki ya yi aikinsa a kai.

Akwai wani abu da duniya ta manta, wanda ya dace a tuna a nan. Daga 1912 zuwa 1948, Olamfik ba ta masu gudu da tsalle kaɗai ba ce. Ana ba da zinariya da azurfa da tagulla a kan zane, da sassaƙa, da kiɗa, da adabi, da kuma zanen gine-ginen wasanni. Jan Wils na Holan ya ci zinariya a 1928 da zanen filin Amsterdam, filin da aka yi wasannin shekarar a cikinsa. Alfréd Hajós na Hungari, wanda ya ci zinariya biyu a ninƙaya a Atina a 1896, ya dawo a 1924 ya karɓi azurfa da zanen filin wasa, daga baya kuma ya gina wa Budapest wurin ninƙayar da ke ɗauke da sunansa. Wato akwai lokacin da mai zana fili da mai gudu a cikinsa suke karɓar lamba iri ɗaya. An daina wannan shekara huɗu kacal kafin Zabłocki ya sa ƙafa a Helsinki. Tun daga nan magini ya koma bayan fage, ba a jin sunansa sai rufi ya faɗo.

To, me ginin wasanni ke nema wanda sauran gine-gine ba su nema? Na farko, rufi mai faɗi da babu ginshiƙi a tsakiya, domin ginshiƙi ɗaya ya isa ya tare wa mutum ɗari kallo, ya kuma zama haɗari ga mai gudu. Maginanmu na gargajiya sun san wannan damuwa. Ita ta haifi bakan gizo da ɗaurin guga a sorayen sarakuna, don a sami fili a ƙasa ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Na biyu, layin gani: kowane sahu na kujeru dole ya ɗara na gabansa tsawo daidai yadda idon na baya zai wuce saman kan na gaba, kuma lissafin yana canzawa daga sahu zuwa sahu. Na uku, rana. Shi ya sa ake shimfiɗa filin ƙwallo daga kudu zuwa arewa, kada ranar la'asar ta shiga idon mai tsaron gida, a kuma sa babbar rumfa ta yamma don 'yan kallo su ba rana baya. Waɗannan duk ana koyar da su a makaranta. Amma akwai waɗanda littafi ba ya cika faɗa: nisan da ke tsakanin ɗakin sauya kaya da fage, inda mutum zai ɗumama jiki ba tare da jama'a sun zuba masa ido ba, inda wanda aka ka da zai zauna shi kaɗai na minti biyar kafin ya fuskanci duniya, taushin daɓen da gwiwa za ta daka shekara goma a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya yi shekaru fiye da goma yana yawo da jakar takubba daga zaure zuwa zaure a nahiyoyi huɗu, ya ɗanɗani masu kyau da marasa kyau da jikinsa. Da wannan sani ya zana zaurukan horar da 'yan Olamfik a makarantar koyon wasanni ta Warsaw, da wuraren wasanni a garuruwan Konin da Puławy.

Kada a ɗauka wannan magana ta jin daɗi ce kawai. 'Yan'uwanmu na Gana ba za su manta ranar 9 ga Mayu, 2001 ba, ranar wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin Akara. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin rumfa, jama'a suka ruga neman mafita, suka tarar da ƙofofi a kulle. Fiye da mutum 120 suka rasu, da yawa daga Nima da sauran unguwannin zango. Laifin farko na masu harbin ne. Amma faɗin matakala, da yawan ƙofofi, da wanda ke riƙe da makullinsu, su ne ke yanke ko firgici zai tsaya a firgici ko zai zama makoki. Layin da mai zane ya ja da fensir shekara talatin da suka wuce, wata rana shi ne tsakanin mutum da ajalinsa.

Aikin Zabłocki da mutanen Polan suka fi sani ba ma filin wasa ba ne. A tsakiyar Katowice, garin da ya fara riƙe takobi, akwai wasu manyan fukafukai uku na tagulla a kan tudu, an buɗe su ranar 1 ga Satumba, 1967. Kowane fiffike na tuna ɗaya daga cikin bore uku da mutanen yankin Silesiya suka yi a 1919 da 1920 da 1921, suna neman a haɗa su da sabuwar Polan. Gustaw Zemła ne ya sassaƙa su, Zabłocki ya tsara tudun da farfajiyar da yadda mai tahowa zai fara hango su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya ci akasarin manyan lambobinsa a cikin ƙungiya ba baƙo ba ne ga aikin haɗin gwiwa. A tsallaken wurin kaɗan ne aka buɗe Spodek a 1971, shahararren zauren wasannin nan na Maciej Gintowt da Maciej Krasiński da injiniya Wacław Zalewski. Zamani ne da Polan, duk da talaucinta, take da masu zane na ji da gani.

Wannan arziki na ƙwararru shi ƙasar ta riƙa fitarwa waje don samun kuɗin ƙetare, kuma a nan ne labarin ya ratso ta ƙofarmu. Ta hannun wani kamfanin gwamnati mai suna Polservice, injiniyoyi da likitoci da malamai da masu zanen gini suka bazu Iraƙi, Libiya, Aljeriya, Siriya, Gana da Nijeriya, gwamnati na yankar wani kaso daga albashinsu. Filin baje kolin Akara da aka buɗe a 1967, Jacek Chyrosz da Stanisław Rymaszewski ne suka zana shi tare da Vic Adegbite ɗan Gana. Mu a Arewa kuwa akwai wanda muke bin sa godiya har yau ba mu biya ba: Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana zagaya ƙasar nan da ma'auni da matasan da ya horar, yana auna masallatai da fadoji da gidajen ƙasa. Shi ne ya tsaya aka kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da wani sashe na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, littattafansa uku suka fito a 1990, na farkonsu a kan Arewa. Mutum nawa ne a cikin ɗalibanmu suka taɓa buɗe shi? Baƙo ya zo daga ƙasar ƙanƙara ya auna mana abin da kakanninmu suka gina, mu kuwa muna rushewa muna sa bulo.

Zabłocki Siriya rabonsa ya kai shi. Ƙasar ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Bahar Rum karo na goma, a watan Satumba na 1987, kuma shi aka damƙa wa zanen birnin wasanni na Latakiya, a bakin teku: babban fili mai ɗaukar mutum kusan 45,000, da zaurukan wasannin cikin gida, da wuraren ninƙaya. Shi ne aiki mafi girma a rayuwarsa, yana ɗan shekara 56 aka buɗe shi. A wasannin ne Saïd Aouita na Maroko ya ɗauki zinariya a gudu, Siriya kuma ta doke Faransa a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa. Ba za mu ɓoye ba, mai aikin shi ne shugaban ƙasar, Hafiz al-Assad, wanda sojojinsa suka yi wa birnin Hama kisan gilla shekara biyar kafin nan, kuma biki irin wannan ado ne ga mulki irin nasa. Wannan tambaya ce da ke bin duk mai zanen manyan gine-gine, domin talaka ba ya ba da kwangilar filin wasa. Abin da zan iya cewa shi ne gini yakan fi mai shi tsawon rai, kuma yakan yi aikin da ba a zana shi dominsa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Siriya bayan 2011, dubban mutanen da suka gudo daga Halab da wasu wurare a birnin wasannin nan suka sami mafaka, iyalai suka shimfiɗa tabarmi inda aka tanada don 'yan wasa. Gidan Assad ya faɗi a Disamban 2024.

Makomar filayen wasa abin tunani ce a ko'ina. A Warsaw ɗin kanta an gina wani katafaren fili a 1955, Jerzy Hryniewiecki na cikin masu zanensa, aka tara tudun kujerunsa da ɓaraguzan birnin da yaƙi ya rushe. Bai yi shekara talatin ba aka daina manyan wasanni a cikinsa. Daga 1989 ya koma kasuwa, ɗaya daga cikin mafi girma a Turai, inda 'yan Biyetnam da 'yan Rasha da 'yan Afirka, har da 'yan Nijeriya, ke kasa kaya a saman inda 'yan kallo ke zama a dā. A 2008 aka rushe shi aka gina sabon filin ƙasa don gasar Turai ta 2012. Mu ma mun san wannan ciwo. Mun iya biki: a kawo gasa, a yi fenti, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Bayan baƙi sun watse sai ciyawa ta ci fili, famfo ya ƙafe, a sace wayar fitila, wurin ninƙaya ya zama gidan kwaɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar tana farawa ne ranar da aka gina fili ba a tambayi wa zai yi atisaye a cikinsa ranar Talata da safe ba, bayan gwamna ya tafi.

Babban aikinsa na ƙarshe ya zo yana ɗan shekara 77. A Pruszków, kusa da Warsaw, aka buɗe zauren tseren keke a 2008, na farko mai rufi a ƙasar. Hanyar tseren zagaye ce mai tsawon mita 250, zagaye huɗu kilomita ɗaya ke nan, an shimfiɗa ta da siraran katako, tana da siffar akushi mai tsawo, gefenta a kwana ya miƙe wajen digiri 40, har mai tafiya a ƙasa ba zai iya hawa ba. Kekunan ba su da birki, kuma masu gajeren tsere kan wuce kilomita 70 a awa. Katakon ba ya son laima, ba ya son bushewa, don haka ginin da ke kewaye da shi dole ya riƙe zafi da iska a ma'auni ɗaya rani da hunturu, kuma dole alƙali da ɗan kallo su ga zagayen duka ba abin da ya tare. Zabłocki ya zana zauren. Hanyar katakon kuwa aikin gidan Schürmann ne na Jamus, waɗanda suka gaji sana'ar daga kakansu Clemens, shi ma ɗan tseren keke ne kafin ya koma zana wa masu keke hanya. Ashe irin su ba su ƙare a Hajós ba. A watan Maris na 2009 aka yi gasar duniya a zauren, aka sake yin ta a 2019.

Bai ajiye takobi ba har tsufa. Ya ci gaba da karawa a gasar dattawa, ya kuma koma bincike a kan takubban yaƙi na gaske da ke ajiye a gidajen tarihi: yana auna nauyinsu da lanƙwasarsu da yadda mariƙinsu ke zama a hannu, don ya gano yadda mutanen dā suke sara da su, tunda masu sanin sun tafi ba su bar cikakken bayani ba. Ya fitar da littafi a kan haka a 1989, kuma masu farfaɗo da tsohon salon takobin Polan suna komawa gare shi har yanzu. Yana kuma zane da launin ruwa, ya rubuta littattafan tafiye-tafiyensa. Matarsa, Alina Janowska, shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo ce wadda ta yi aikin kai saƙo a boren Warsaw na 1944. Sun yi aure a 1963, kuma da ciwon mantuwa ya kama ta a ƙarshen rayuwarta, shi ya tsaya a kanta har ta rasu a 2017. Shi kuma ya bi ta ranar 5 ga Disamba, 2020, a Warsaw, saura kwana ɗaya ya cika shekara 90.